Fim Ɗin da Ke Gefen Ƙwai

Kawuna mai gyaran agogo ne, amma ransa yana kan wata tsohuwar kyamara mai cin fim. Ni dai har gobe ban gane kan abin ba. Ga waya a aljihunsa, amma sai ya tsaya minti goma ido ɗaya a rufe, yana murɗe-murɗe, don kawai ya ɗauki inuwar tsani a bango. Ka ce ya nuna maka, ya ce sai an wanke. Wankin kuwa sai fim ya cika hoto talatin da shida, abin da kan ci masa wata uku.

A firij yake ajiye fina-finan, gefen ƙwai. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta yi mita har ta haƙura. Yana da wata ƙa'ida: fim ɗin da ya gama ɗauka yakan bar ɗan harshensa a waje ya lanƙwasa bakin, sabo kuwa harshensa a miƙe yake. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don a ganinsa ko makaho ya shafa zai gane.

Da Inna ta rasu, akwai fim guda da ya cika da ita a makonninta na ƙarshe, tana zaune bakin taga. Ya kasa kai shi wanki. Shekara guda yana nan a lanƙwashe cikin sababbi huɗu.

Sai ni uwar karambani na zo goge masa firij. Na ga harshen fim ɗaya ya tanƙware, na ɗauka lalacewa ya yi, na sa almakashi na datse bakin, har ina jin na yi abin kirki.

Bayan mako biyu 'yarsa ta kawo masa jaririyarta. Ya zari fim cikin murna, ya cika shi da su rana ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Da ya je ajiyewa sai ya tsaya yana lalube gefen ƙwai.

"Ke, ina mai lanƙwasar nan?"

Na faɗa masa abin da na yi. Ya jera sauran huɗun a tebur yana jujjuya su, duk kamarsu ɗaya. Babu yadda za a gane wanne ne na Inna. Washegari muka kwashi duka biyar zuwa wurin mai wankin hoto.

Huɗu suka fito fayau, babu komai a kansu.

"Baba, wannan sau biyu aka ɗauka a kansa," in ji mai wankin. "Ya lalace. In buga?"

"Buga duka."

A benci muka zauna muna dubawa. Ga tagar, ga mayafin Inna, amma ko'ina labule ko kafaɗar 'yarsa ta haye mata fuska. Babu hoto ko ɗaya da fuskar ta fito. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na fara ba shi haƙuri.

Kamar bai ji ba. Ya daɗe a kan wani hoto, inda jaririyar ke kwance a cinyar da ban san ta wace ce ba, wani hannu dafe da kanta.

"Ba ta taɓa ganin yarinyar nan ba," ya ce. Ya miƙo mini. "Idonki ya fi nawa. Wannan hannun na wa ne a cikinsu?"

Na duba, na sake dubawa. Na ce masa ban sani ba.