Ai Tana da Lamba

Watan nan Yaya Hadiza ta cika shekara takwas a ƙasa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, don a duniya kam ba ta huta ba, mu ma ba ta bar mu mun huta ba.

Ni ƙaninta ne, kuma direbanta na dole. Ma'aikaciyar lafiya ce a nan Birnin Gwari, mai yi wa yara awo da allurar rigakafi. Ranar fita ƙauye, tun ban gama shan koko ba za ta tsaya a ƙofar shagona na ɗinki da akwatin sanyi a hannu, ta ce, "Sani, ta da mashin, ƙanƙara ba ta jiran mai koko." Haka muke ratsa dajin nan, yau Dogon Dawa, jibi Damari. A shekarun farko, abin tsoro a hanya bai wuce taɓo da faci ba.

Ta san yawancin matan ƙauye ba sa karanta kati. Sai ta riƙa kwasar zare a shagona, ko izini babu, ta ɗaura wa kowane kati, ta yi masa ƙulli biyar. Duk zuwa ta kwance ɗaya. Takan ce wa uwa, "Sai zaren nan ya miƙe kika rabu da ni." Babban abokin faɗanta kuwa shi ne lamba, tabon nan da allurar farko ke bari a dantsen jariri. Mutanenmu da sun ga lamba ta fito, shi ke nan, wai an yi rigakafi. Sai ta kama dantsen yaro ta ce, "Wannan ta tarin fuka ce kawai, baiwar Allah. Ta baƙon dauro sai wata tara." Na sha jin maganar nan har na haddace, ina kwaikwayon muryarta a gida ana dariya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo yau. An ce yanzu har 'yan mata masu shekara tara ana yi wa allurar sankarar bakin mahaifa. Da ta yi murna, don takan ce yaro ba ya girma ya fi ƙarfin awo. Amma da ta tambayi wa zai kai. Wasu ɗakunan shan maganin da muke sauka a cikinsu ciyawa ta cinye su, wasu garuruwan ma babu kowa. An ce hanya ta ɗan yi sauƙi, Allah Ya ɗorar, sai dai ni na gaji da murnar da ba ta daɗewa. Ina jin da ba ta tsaya zagin 'yan daji ba. Ni za ta fara nema, kuma na san dalili.

Shekara uku da suka wuce, 'yarta Rabi, da ke aure a wani ƙauye bayan Damari, ta gudo cikin gari bayan harin 'yan daji, daga ita sai kayan jikinta da goyo. Goyon ita ce Ummi, takwarar Yaya, tana da wata goma. Kati ya tsaya can cikin ɗakin da aka ƙona. Suka sauka a gidana, inda dama muka yi wa ɗakunan yawa. Bayan kwana biyu Rabi ta same ni a tsakar gida.

"Kawu, ban san inda muka tsaya a allurar Ummi ba. Tun ta biyu ma'aikata suka daina shigo mana."

Ranar daga jana'iza na dawo, kaina ya yi zafi, ga tunanin abin da mutanen gidan za su ci. Na ɗaga hannun rigar yarinyar, na duba, na ce, "Ai tana da lamba. Bari hankali ya kwanta tukuna."

Ni fa! Ni da na yi shekara da shekaru ina goyon akwatin sanyi. Asibitin kuwa ko mashin ba sai na tayar ba, da ƙafa ake zuwa. Ba jahilci ba ne, ba ƙin allura ba ne, gajiya ce kawai. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin wata biyu baƙon dauro ya shigo unguwa, ya bi gidajen da 'yan gudun hijira suka cika. Ummi ta kama zazzaɓi, idanu suka yi jajur, ƙuraje suka feso. Maƙwabta suka ce a rufe ta a ɗaki, wai ciwon ba ya son allura. Muka ɓata kwana uku kafin na ɗauke ta na kai asibiti. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma hakiya ta rufe idon hagu. Rabi ba ta taɓa ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na sani ƙeya ce.

Na daɗe ina auna abin da Yaya ta bari. Ba gida, ba gona, ko hotonta na kirki babu. Aikinta irin wanda ba a gani ne: samari da matan aure cike da kasuwa, ƙafa lafiya, ido lafiya, ba su ma san an tsare musu komai ba, balle su yi godiya. Ni kaina ban san nauyinsa ba sai da na ga abin da kan faru in an fasa shi sau ɗaya.

Ummi ta kusa shekara huɗu yanzu, ga surutu, ga tsiwa irin ta mai sunan. Jiya na zauna kusa da ita a kan tabarma ina tsokanarta, na ce yau na fasa auren. Ta juyo da kai gaba ɗaya tana nemana, ta jawo rigata.

"Kaka, dawo ta nan. Ta can ba na ganinka."