A Taswira Garinmu Kore Ne

Ranar Laraba ce, farkon kaka, gero ya nuna. Na yi asuba a masallacin ƙofar gida, na dawo na tarar Rabi, matata, ta riga ta ɗora tukunyar kunu. Na nemi izini a firamaren da nake koyarwa, saboda ranar ce gayyar girbin gonar mai unguwa, kuma a garinmu magidanci ba ya ƙin gayya. Ƙarfe shida da rabi na ji makaɗi yana gwada gangarsa a bayan gari.

Kawu Ilu yana zaune a soro da takalma a ƙafarsa. Ƙanin mahaifiyata ne, ya ba shekara sittin baya. Watansa huɗu a gidana, ban taɓa ganin ya cire takalman nan ba sai in zai yi alwala. Da su yake kwana. Nakan tsokane shi in ce, “Kawu, a Kanon ma?” Sai ya dube ni ya ci gaba da jan carbinsa.

Ni na kawo shi, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Garinsu yana can yamma, cikin ƙasar Katsina, a bakin daji. Sau uku ’yan bindiga suka shiga musu, sau uku ya tsira. Matarsa ta rasu, ’ya’yansa sun watse, shi kuwa ya ƙi barin gonarsa. Wata rana na ga wata taswira a wayata, wasu masu bincike suka fitar, sun shafa wa kowane yanki launi gwargwadon zaman lafiyarsa. Yankinsu ja wur. Namu kore shar. Na hau mota na je da kaina na buɗe masa wayar. Na ce masa wannan ba hirar bakin kasuwa ba ce, aikin masu ilimi ne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “To wa ya gaya musu?” Na ce rahotanni suke tarawa. Raina ya ɓaci, na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Sai da na haɗa shi da girman mahaifiyata sannan ya ɗaure kayansa.

Akwai abin da na sani ban gaya masa ba. Kafin in je ɗauko shi, an sace mutum biyu a ƙauyen da ke yamma da mu, tafiyar minti arba’in a ƙafa. An dawo da su shiru. Dattawan ƙauyukan suka zauna suka ce kada maganar ta fita. In gari ya yi suna, fatake sun daina zuwa sayen hatsi, masu neman aure su ja baya, malaman makaranta su nemi a canja su. Mu mutane ne masu son rufin asiri. Ba wanda ya kai rahoto ko’ina. Ina wurin zaman, na gyaɗa kai tare da kowa. Har yau ga shi na kasa rubuta sunan ƙauyenmu.

Da safen nan Kawu bai so zuwa ba. Ya ce a wajensu an daɗe da barin gayya, tara maza wuri ɗaya da ganga kamar aika musu goron gayyata ne. Na yi dariya. Na ce baƙo ba ya zama a gida ana girbin gonar mai unguwa, ni zai jawo wa magana. Kunyata ya ji. Ya ɗauki magirbi ya biyo ni.

Ƙarfe takwas muka fara. Mun kai mu arba’in. Ganga na tashi, muna kwantar da kara layi-layi, matasa na gasa da juna. Kafin ƙarfe goma da rabi mun kwantar da fiye da rabin gonar. Filin ya buɗe tas, ana hango mu daga nesa. Dawar da ke gabas da mu ce kawai a tsaye, ta fi mutum tsawo. A lokacin mata suka iso da fura da ruwa. Rabi na cikinsu, goye da ’yarmu Hauwa, wadda ba ta rufa shekara ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma muka ji ƙarar babura daga yamma. Ina ɗaure da agogo, sabon aikin makaranta, ya sa na san lokutan nan. Babura ne da yawa, a jere. A wajenmu jerin babura abu biyu ne, ko biki ko siyasa. Ranar kuwa akwai ɗaurin aure a ƙauyen da ke gabas da mu, kowa ya sani. Wani ya ce abokan ango ne. Makaɗi ya juya gangarsa wajen hanya ya fara yi musu kiɗan maraba. Muka ɗaga hannu. Mutum biyar ko shida suka ajiye magirbi suka taka zuwa bakin hanya don su yi Allah-sanya-alheri.

Kawu ne kaɗai bai ɗaga hannu ba. Daga baya na gane abin da ya ji. ’Yan biki suna danna hon, suna ihu. Waɗannan ba hon, ba ihu, kuma uku-uku ne a kan kowane babur.

Ya yar da magirbi. “Su ne! Ku shiga dawa!”

Ba wanda ya motsa. Wani ma ya yi dariya. Ni kunya ce ta kama ni, na kama hannun rigarsa na ce, “Haba Kawu, don Allah.” Ban rufe baki ba aka yi harbin farko. Ganga ta yi shiru. Makaɗin ne ya fara faɗuwa, sai waɗanda suka je gaisuwa.

Harbin ba kamar na bindigar mafarauta ba ne. Ba ya yankewa. Ƙwaryar fura ta kife. Mutane suka watse, kusan kowa ya nufi cikin gari. Abin da muka sani ke nan: in ɓarawo ya zo, ka shiga gida ka rufe ƙofa. Tsakanin gonar da gari kuwa burtali ne miƙaƙƙe, ba inda za ka raɓe. Ni ma na ja hannun Rabi na nufi can.

Kawu ya fizgo ni ta wuya. Ban san yana da wannan ƙarfin ba. Ya tura mu cikin dawa, ya yage farar rigar da ke jikina ya cusa ta ƙarƙashin kara. “Gabas! Ku bi kwarin kunya! Kar ku hau hanya! Kar ku ɗaga kai!” Na riƙe hannunsa na ce ya zo mu tafi. Ya ture ni. Ya juya ya koma fili.

Muna rarrafe ina jin muryarsa a baya. “Ba gida ba! Ba gida ba! Dawa!” Yana tare masu gudu a bakin burtali yana juyo da su. Wasu sun bi maganarsa, don na ji kara yana karyewa dama da hagu, mutane na shigowa. Sha ɗaya da minti biyar ina jinsa. Sha ɗaya da kwata ina jinsa, muryar ta dushe. Sha ɗaya da minti ashirin aka yi wani harbi, gajere. Ban ƙara jinsa ba.

Ban koma ba. Na faɗa wa kaina nisa ne ya sa muryar ta ɓace.

Ganyen dawa yana yanka fuska. Ƙasa ta yi zafi. Hauwa ta fara kuka, Rabi ta kwance goyo ta cusa mata nono muna tafe a durƙushe. Sha biyu saura kwata na waiwaya ta tsakanin kara, na ga hayaƙi ya tashi a wuri uku. Na san wuraren. Rumbunan mai unguwa ne, da shagunan bakin masallaci, na ukun kuma unguwarmu. Ana jin kukan shanu ana kora su yamma. Babur biyu suka bi ta gefen gonar da muke ciki, a hankali. Muka kwanta rub da ciki. Na ji ɗaya yana tari. Suka wuce.

Ƙasarmu ba daji. Gona ce ke haɗe da gona, ƙauye na hango ƙauye. Daga dawar wani muka shiga ta wani, muka tsallake gyaɗa da gudu, muka sake shiga dawa. Mun zama mu goma sha wani abu, yawanci mata. Wani dattijo yana riƙe da damtsensa, jini na bin yatsunsa, bai ko yi nishi ba.

Sha biyu da rabi muka ɓullo ƙauyen da ake bikin. Sun ji harbin sun kulle ƙofofi, tukwanen shinkafa na kan wuta ba kowa a wurin. Ba mu tsaya ba. Ƙarfe ɗaya da kwata muka isa ƙauye na gaba. A nan mata na sussuka a ƙofar gida, wani tela yana taka kekensa da rediyo a gefe. Wata tsohuwa ta dube mu, ni ba riga, Rabi ba mayafi, ta tambaya ko gobara aka yi. Muka faɗa musu. Wani magidanci ya ce ai irin wannan ba ya faruwa a Kano. Na so in mare shi. Sai na tuna da safen nan ni ma abin da zan faɗa ke nan. Suka ba mu ruwa, wani ya ba ni tsohuwar riga.

Ƙarfe biyu da rabi muka hau kwalta. Wani mai a-kori-kura da ya sauke taki ya kwashe mu. Da la’asar muna Bici. Shaguna a buɗe, ɗalibai na dawowa daga kwaleji da littattafai a hannu, mai tsire na hura wuta. Duka-duka tafiyar awa huɗu ce tsakanin nan da inda ake ƙona rumbunanmu. Aka sauke mu a harabar wata makaranta. Duk motar da ta tsaya sai in je in leƙa fuskoki. Har magariba ina yi.

Washegari ƙarfe bakwai muka koma, mu maza, tare da jami’an tsaro. Gari na wari. Rabin gidana ya ci wuta. Ban shiga ba, na wuce gona.

Kawu yana bakin burtali, daidai inda ya tsaya. A ƙirji suka same shi. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ban yi kuka ba a lokacin, sai da na zo ɗaga shi na ji ba shi da nauyi. Mutum huɗu suka zo suka tsuguna a gabana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce muryar tsohon nan ce ta juyo da shi daga hanya. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya yi masa dariya. Mutumin da ya tsira sau uku a bakin daji, a gonar garinmu ya kwanta, kuma ni na je har gida na ɗauko shi.

Kafin azahar muka yi wa mamatanmu sutura. ’Yan bindigar sun tafi da mutane, har da limaminmu, sai na’ibinsa ya ja sallar. Muka jera su a sahu ɗaya a bayan gari.

Kwana uku bayan nan wani mutum ya zo daga birni da takarda, ya ce rahoto zai haɗa. Ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar mai unguwa. Mutumin kirki ne, ya yi mana ta’aziyya kafin ya buɗe biro. Kowa ya faɗi sunan wanda aka kashe masa, da sunan mahaifi, da unguwa. Da aka zo kaina na ce Iliyasu, ɗan Mamman.

“Wace unguwa, Malam?”

Na ce a gidana yake, amma asalinsa ƙasar Katsina.

Ya ɗaga biro. Ya ce takardar tasa ta mutanen wannan mazaɓa ce kawai. Baƙo a garinsu ake rubuta shi, don kada a ƙirga mutum sau biyu. Na ce garinsu ba kowa, duk sun watse, wa zai rubuta shi? Na ɗaga murya. Mai unguwa ya dafa ni ya ce in yi haƙuri. Mutumin ya ce zai yi magana in ya koma, ya kira na gaba.

Mutum goma sha ɗaya muka binne. Ina cikin masu haƙa, na ƙirga ramukan. Takardar ta tafi birni da goma.