Kek Ba Suna

Mahaifiyata ta rubuta sunan rabin yaran Wudil a kan kek, amma ba ta taɓa rubuta nawa ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin, har yabon mace ake yi a kansa. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Indabo, can na tashi ina jin kawunnaina suna ce wa mahaifiyata Yaya, ni ma na bi bakinsu. Har yau Yaya nake ce mata. Ita kuwa "ke" take ce min, in da baƙi a tsakar gida ta ce "waccan".

Lokacin da aka dawo da ni Wudil don makaranta, na tarar sana'ar kek ta kankama a gidan. Ɗaliban jami'a ne suka fara kawo mana wannan bidi'a ta bazde, wato bikin ranar haihuwa, matan ma'aikata suka ɗauka, kafin ka ce me har mai sayar da kifi a bakin gada yana son a yi wa autarsa. Yaya ba ta da abin gashi na zamani. Babbar tukunya take zuba wa yashin kogi, ta ɗora gwangwanin kek a kai, gawayi a ƙasa gawayi a kan murfi. In ya huce ta shafe shi da kirim na bota da suga, ta ɗura sauran a leda, ta yanke bakin ledar da almakashi, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana fitar da furanni. Daga ƙarshe ta riƙe numfashi ta rubuta suna a tsakiya. Matar da ko firamare ba ta gama ba, amma rubutunta a kan kek ya fi na malamanmu kyau a kan allo.

Aikina shi ne buga bota da muciya har kafaɗata ta yi tsami, da wanke gwangwanaye. Ina tsaye a kanta ta yi wa ƙannena nasu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa ɓaro-ɓaro da kyandir a gefe. Ni ranar tawa takan wuce kamar kowace rana, sai dai in tarar an ƙara min nama a miya, ba tare da an ce ga dalili ba. Ina cin naman ina jin haushi.

Sunana ba baƙon suna ba ne, ko'ina akwai masu shi. Duk ranar da aka kawo aikin wata takwarata, Yaya za ta yi komai da hannunta, in an zo kan rubutu sai ta miƙa wa ƙanwata ledar, ta tashi ta shiga ɗaki kamar ta manta wani abu. Maƙwabta su yi ta dariya suna cewa, "Kai, wannan mata da alkunya take, irinsu sun ƙare." Ni ce dai abin alkunyar, ina gefe da hannu duk maiƙo, ba wanda ya tambaye ni ko da daɗi.

Shekarar da na cika talatin, ina koyarwa a wata firamare, na ce zan gwada dabara. A lokacin ƙanwata ta yi aure ta tafi Achika, mazan duk sun watse, babanmu kullum yana gona. Babu sauran wanda za a miƙa wa leda. Na samu wata sabuwar malama da Yaya ba ta sani ba, na roƙe ta ta je ta ba da aikin kek a matsayin na ƙawarta, ta faɗi sunana a ce shi za a rubuta. Ban nemi ta kira ni da baki ba, na san wannan ya fi ƙarfinta. Hannunta kawai nake so in gani ya yi haruffan nan sau ɗaya, ko da a zatonta na wata ce.

Ranar da malamar ta shigo ofishin malamai da kwalin, na yi maza na karɓe shi. Na buɗe. Ban taɓa ganin Yaya ta yi kek mai kyan wannan ba. Furanni sun zagaye shi hawa biyu, ƙanana cikin manya, ga ƙamshin kwakwa, wadda duk gidanmu ni kaɗai ke so. Tsakiyar kuwa fari fat, an shafe ta sumul. A kusurwar kwalin an ajiye 'yar ledar kirim, har an yanke mata baki.

Malamar ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi ban faɗa mata komai ba. Ina ambatar sunan ta dube ni. Yau da na je karɓa ta ce in gaya wa mai kek ɗin ta rubuta da kanta, ai ta iya."

Sauran malamai suka taso suna santi tun kafin a yanka, wata tana cewa in yi maza in rubuta a ɗauki hoto. Na rufe kwalin na ce su yi haƙuri. Ana tashi na tare mai babur, na rungume kwalin har ƙofar gidanmu.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe fulawa. Na gaishe ta yadda aka saba, ta amsa tana kallon rariya. Na ajiye kwalin a gabanta na buɗe, na ɗauko ledar na miƙa mata.

"Yaya, rubutu ne fa kawai. Ba cewa na yi ki faɗa ba."

"Ke, ba ki da hankali ne? Ɗauke min wannan abu daga nan."

"Kin yi wa 'ya'yan kowa a garin nan. Ni me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba. Haka na tarar, haka aka yi min."

"To wa zai gani? Dubi gidan nan, daga ni sai ke. Ki rubuta, ni da kaina zan shafe kafin in fita."

Ta ajiye rariyar. A rayuwata ban tuna ranar da ta dube ni ido cikin ido kamar wannan rana ba, kuma na ga idon ya kawo ruwa. Na ɗauka shi ke nan, na ƙara matsar da ledar kusa da hannunta. Ta dubi ledar, ta naɗe hannuwanta biyu cikin zani.

"Ni zan gani," in ji ta.

Na daɗe a tsugune da hannu a miƙe, har kirim ɗin ya fara narkewa yana bin yatsuna. Ita ta koma kan tankaɗenta. Da na gaji na tashi na wanke hannu a bakin rijiya, na yi mata sallama, ta ce in gaida gida.