Layar Marsandin Lurwanu

Sa'ad da Allah ya yi wa Barmo na Tama cikawa, abu guda ya bar wa ɗiyansa maza biyu: garka, wato lambu, a fadama. Sai dai ba kowace garka ba ce. Rijiyarta gaba biyu ce ka tarar da ruwa, ko a shekarun farin nan da shanu sunka ƙare ba ta ƙafe ba. Albasarta ke cika rudu, rumbun da ake adana ta, ita ke sayen hatsi in damana ta yi gardama, ita ke yi wa mata tufafin salla. Baki goma sha huɗu ke ci daga cikinta. Babban, Gado, ya san haka, shi ya sa rana ba ta fito ta iske shi gida ba. Ƙaramin kuwa, Lurwanu, ko warin albasa ba ya so. Cewa yake yi yana kama riga.

Tun da sauran ƙuruciyarsa ya bi ƴan bida, masu tafiya ci-rani, zuwa Abijan. Sauran samarin Adar sukan tafi bayan girbi su komo kafin ruwa ya sauka, su kama hauya. Shi ya yi zamansa shekara goma sha biyu, yana gadi gidan wani Bature, yana wanke masa mota safe da marece. Ko dala bai taɓa aikowa ba. Matarsa Furera da ɗiyanta uku da ya tafi ya bari, garkar nan ta ciyar da su.

A shekara ta 1978 Baturen ya tashi komawa garinsu, ya sa tsohuwar motarsa kasuwa. Marsandi ce baƙa, doguwa, kujerunta na fata. Lurwanu ya kwashe duk abin da ya tara ya zuba a kanta. Da ya shigo ƙasa aka ce sai ya yi takardun Nijar, har da wadda ake ce wa asuransi. Ma'aikacin da ya rubuta masa ita mutum ne mai haƙuri, ya yi masa bayani da Hausa tsaf.

"Wannan ta shekara guda ce, in ta cika ka komo a sake. Kuma kai da iyalinka ta tsare, ban da haya. In haya za ka yi, wata takarda ce daban, ta fi wannan tsada."

Lurwanu bai ko dube shi ba, idonsa na bakin taga yana ƙirga mutanen da sunka kewaye motar.

"To in wani abu ya hwaru?"

"Asuransi ke tsaya maka."

Wannan kaɗai ya shiga kunnensa. Takarda ce mai rubutu da hatimi, wadda ke tsaya wa mutum ranar tsautsayi. Ai ya san irinta tun yana goye. Kwana biyu da isowarsa Tama ya kai ta wurin Ɗan'azumi baduku, aka naɗe ta gida takwas, aka ɗinke cikin jar fata, aka sa mata tuntu. Ya rataye ta ga madubin mota, kusa da layar da wani malamin Tamaske ya ba shi. Ta malam tana tsare ƙarfe, ta Nasara tana tsare hukuma. A ganinsa ya gama da duniya.

Sati guda ana zuwa kallo. Daga nan sai aka gane motar ba ta cin alhamdu lillahi, man esansi take sha, kuma shan raƙumi take yi masa. Furera ta ce da shi, "Maigida, wagga baƙar amarya taka, in ta gama da aljihunka mi za ta ci? Mu dai hura muke sha." Ya ce mata ba ta san birni ba.

Dabarar da ya fito da ita, shi kaɗai zai iya tunaninta, don ya san ciwon irinsa. Duk ƙarshen rani ƴan bida na sauka tashar Madawa. Wanda ya samu, ka gan shi da rediyo da katifa da keke. Wanda bai samu ba, ka gan shi yana raɓe-raɓe, yana jin kunyar shiga garinsu a bayan kamyo, babbar motar albasa. Waɗannan Lurwanu ke jira. Haya iri uku ce. Ta farko, ka zauna baya, shi ya sa hula ya zama direbanka har ƙofar gidanku. Ta biyu, in an kusa gari ya ba ka sitiyari ka shiga da kanka. Ta uku, ya bar maka makulli kwana uku, ka ce taka ce, shi ya koma gida a kan jaki.

Cikin shekara huɗu, mutum goma sha bakwai sunka mallaki Marsandin nan tsakanin Buza da Keita. Kowa ya san lambarta, kowa ya san lanƙwasar da ke ga ƙofarta ta hagu. Amma mata su yi guɗa, maroƙa su yi kirari, tsoho ya fito ya shafa ƙarfen ya ce Allah ya yi wa ɗansa albarka. Bayan kwana uku a ce ta tafi gareji, a yi shiru da maganar. Wanda ya yi dariya bana, ƙila ɗansa ne zai hau baɗi. Jandarmomi ma ba su tsayar da ita. In sun hango baƙar Marsandi sai su ƙame su sara, suna zaton wani babba ne daga Tawa. Lurwanu ya ɗauki wannan aikin laya ne.

Gado ba mai yawan magana ba ne. Sau ɗaya ya taɓa tare ƙanensa, ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci.

"Lurwanu, na ji direbobin kamyo na cewa takardan nan duk shekara ake sake ta. Taka hwa?"

"Tasu ta talakawa ce, Yaya. Tawa ta Marsandi ce."

"Ka kai wa mushen lakkol, malamin boko, shi karanta muna mana. Ba a biyan ko tamma."

Lurwanu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, kai da girmanka! Wa ka taɓa gani ya hwarke laya don shi ga abin da ke ciki? Ai ƙarhinta tahiya zai yi. Kai dai ka tsaya ga albasa, ita ka sani."

Gado ya dube shi, ya saɓa igiyar wasakinsa na jan ruwa, ya nufi fadama.

A bazarar 1982 wani Jima, mutumin Allakai, ya sauka Madawa. Shekara biyar yana Abijan. Yana da tabarau, da takalmi mai tsini, da akwati biyu masu nauyi waɗanda daga baya aka buɗe aka iske tsummokara da duwatsu. Haya ta uku yake so. Lurwanu ya tambaye shi ko ya iya tuƙi.

"Ni? Ni da na tuƙa cikin Abijan?"

Gaskiya ya faɗa, amalanke ya tura a kasuwa shekara biyar. Lurwanu bai ƙara tambaya ba, don kuɗin na hannu. Ya nuna masa inda ake takawa ta tafi da inda ake takawa ta tsaya, ya shafa jar layar, ya miƙa makulli.

Kwana na farko Jima ya shiga Allakai lafiya, da yake hanyar rairayi ce, motar ba ta gudu. Kwana na biyu ya kama ranar kasuwar Buza, ya ga bai kamata mutanen Allakai kaɗai su more ba. Wanda ya san Buza ya san gangaren nan na duwatsu. A nan motar ta ɗauki gudu, Jima ya nemi wurin tsayarwa ya taka wurin tafiya. A ƙasan gangaren akwai wani Maiguwa, mai sufurin hatsi, yana jaye da raƙumansa. Biyu sunka faɗi ba su tashi ba, aka yanka su nan take. Maiguwa kuwa, ƙafarsa ta dama ta shiga ƙarƙashin ƙarfe, a gidan likita aka yanke ta daga gwiwa. Kafin mutane su gama salati Jima ya bi ta cikin duwatsu. An ce an gan shi ya tsallaka Najeriya, babu tabarau.

Jandarmomi sunka iske Lurwanu da hantsi yana shan shayi ƙofar gida. Ko gezau bai yi ba. Ya sa babbar riga ya bi su Buza kamar mai zuwa ɗaurin aure. A gaban jama'a ya leƙa cikin motar da ta dagargaje, ya kwance jar layar daga madubi, ya miƙa wa babban jandarma da hannu biyu.

"Mene ne wannan?"

"Asuransi ce, ranka shi daɗe."

Jandarman ya jujjuya ta, ya shinshina, ya dubi abokin aikinsa. Sai ya ce a kawo reza.

"Don Allah kar a buɗe!" in ji Lurwanu. "In anka buɗe ta lalace!"

Aka buɗe. Zafin shekara huɗu ya cinye rabin rubutun, amma kwanan wata na nan raɗau. Jandarman ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa don kowa ya ji: ta mutu tun shekara uku da sunka wuce, kuma ko tana da rai babu ruwanta da haya. Wani mahauci da ke fiɗar raƙumin ya ɗago kai ya ce, "Ashe gawa kake rataye da ita, Alhaji." Ba a taɓa kiransa Alhaji ba sai ranar.

Alƙali a Madawa bai ja zance ba. Direba ya gudu, mota ta Lurwanu ce, shi ya ba wanda bai da parmin tuƙi, kuma babu kamfanin da zai tsaya masa. Raƙuma biyu, da magani, da ƙafar magidanci mai ɗiya shida, duk suna wuyansa. Ko ya biya, ko ya daɗe a kaso. Marsandin da ya ba shekara goma sha biyu na ransa, wani maƙeri ya taya ta kuɗin akuya uku.

Saura garka. Barmo bai raba ta ba, kuma ba ta rabuwa, don rijiya guda ce. Wani ɗan kasuwar albasa ya daɗe yana zawarcinta, ya ce ko duka ko ya fasa. Dattawa sunka ce da Gado babu wanda zai tilasta masa, rabinsa nasa ne. Furera ba ta roƙe shi ba, ta dai zo ta durƙusa ƙofar ɗakinsa. Gado ya je ya ga Maiguwa kwance, ya ga inda zane ya lotsa a wurin da ƙafa take a da. Da ya komo ya ce, "Ba don Lurwanu ba. Mutumen ga bai ci muna komi ba, kuma ba a cewa ɗiyan Barmo sun bar shi da bara." Ya dangwala yatsa bisa takardar sayar da garkar.

Shekara biyu bayan haka aka yi babbar yunwa. Rijiyar ba ta ƙafe ba, albasa ta yi kyau, amma ta mai ita ce. Gado na nan cikin garkar ubansa yana ban ruwa, ana biyansa da yini. Matasan gidan sunka watse, wasu Legas, wasu Arlit. Furera ta kwashi ɗiyanta ta koma gidansu.

Lurwanu ya koma tashar Madawa yana kiran fasinja. Makullin Marsandi na rataye ga wuyansa. In ka zauna kusa da shi zai gaya maka shekara huɗu motar na yawo ko kaza ba ta taka ba, kuma da jandarman nan bai sa reza ba da Nasara sun biya har da riba. Bai taɓa ambaton garka ba.

Ranar da aka farke layar a Buza, ashe ya duƙa ya tsince takardar daga ƙasa. Ya sake kai wa Ɗan'azumi, ya ce wannan karon a yi ɗinki biyu, kuma a sa fatar da reza ba ta ci da sauƙi. Ɗan'azumi ya jawo basilla. Tana nan ɗaure ga damtsensa na hagu. In Gado ya rako buhunan albasar maigidansa tasha, Lurwanu kan janye hannun riga don a gan ta. Gado ya sauke kaya, ya ajiye masa albasa biyu bisa benci, ya juya.