Amaryar da ta yi kishi da kogin Kalaba

Wata rana wata baiwar Allah mai suna Suwaiba ta haɗa kayanta a jaka, ta tura ƙarƙashin gado.

Niyyarta ta ce wa mijinta za ta je ganin gida Haɗeja. Abin da ba za ta faɗa masa ba shi ne, in ta tafi ta tafi ke nan.

Ba dukanta yake yi ba. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba.

Kishi ne yake cin ta.

Mijin, Mudassiru, mai ɗaukar hoto ne a Kalaba. A can aka haife shi, a unguwar Hausawa, can kuma aka kai masa ita, ko shekara ba su rufa ba. Shi ba mai magana ba, ita kuma ga kunya. In ka shiga gidan sai ka rantse ba kowa.

To akwai wasu ranaku da yake rataya kyamararsa tun zai tafi sallar asuba. Ba za ta sake ganin sa ba sai hantsi. Ya dawo ƙafar wando duk laka, yana wani ɗan murmushi shi kaɗai.

Murmushin nan ne ya tsaya mata a rai. Ita dai ba ta taɓa samun irinsa ba.

Sau ɗaya ta daure ta tambaye shi, kanta a ƙasa. Ya ce bakin kogi yake zuwa. Ta ce to makon jiya fa, ai bai fita ba? Ya ce makon jiya a cike kogin yake wayar gari, shi kuwa sai ya janye yake so.

Ta gyaɗa kai. Amma a ranta cewa take, ni za a raina wa hankali? Ni da na tashi a bakin kogi? Kogi da damina yake cika, da rani ya ja baya. Wane kogi ne zai fita da safe ya dawo da rana, sai ka ce ɗan kasuwa?

Daga nan ta yanke hukunci. Mace ce.

Har kamanninta ta zana a zuci: ’yar gari, ’yar boko, irin masu kallon namiji ido cikin ido ba ko ɗar.

Ran nan ya shiga wanka, ta ɗauki kyamarar, ta danna inda ta ga yana dannawa. Ruwa. Laka. Kwalekwale. Tsuntsaye. Ta yi ta wucewa har yatsanta ya gaji. Ba ta ga macen ba, ta ce ai ɓoyewa zai yi.

Sai da ta ajiye wani abu ya faɗo mata. Duk tulin hotunan nan, babu nata ko ɗaya.

Washegari ta ce kafin ta tafi sai ta ga fuskar wadda ta kore ta. Yana fitowa daga masallaci ta bi shi daga nesa, ta duƙunƙune cikin hijabi.

Ya gangara bakin kogi. Ta laɓe bayan wani kwalekwale da aka kife.

Ikon Allah! Kogin da ta taɓa hangowa daga mota a cike taf, yau ya ja can tsakiya. Sai laka shimfiɗe tana ƙyalli, kwalekwalen masunta duk a kishingiɗe a kanta. Wani farin tururi na tashi kamar an buɗe tukunya. Can rana ta ɗan leƙo, haskenta ya kwanto a ƙasa, lakar nan mai wari ta koma kamar an zuba zinariya. Balbelu suka sauka suna takawa a hankali.

Shi kuwa ya kafa kyamara a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, ya tsuguna, ko motsi ba ya yi.

Ta jira macen. Shiru.

Sai ta ga murmushin. Wa yake yi wa? Laka!

Wallahi maimakon ta ji sanyi, sai abin ya fi ƙona ta. Ta miƙe ta nufe shi, taku kaɗan lakar ta riƙe mata takalmi, caɓal! Ya waiwayo a firgice.

“Suwaiba? Lafiya? Rasuwa aka yi?”

“Ai da ma mace ce, Yaya,” ta ce, hawaye na zuba. “In mace ce na san da wa nake yi. Laka ka ɗauka, tsuntsu ka ɗauka, har ƙaguwa tana da hoto a gidanmu. Ni kaɗai ce ban kai ba.”

Ya saki baki. “Ai ke kika hana! Duk sanda na ɗaga kyamara sai ki ja mayafi ki rufe fuska.”

“To amarya ce za ta tsaya tana washe wa miji haƙora? Haka ake yi a garinmu! Kai ne za ka sake tambaya, ka kuma sakewa!”

“Ni kuma a aikina ba a dole,” ya ce a hankali. “Kogin nan ban taɓa ce masa ya janye ba. Zuwa nake in zauna in jira. Ke ma jiran ki nake yi.” Ya sunkuyar da kai. “Na ga jakar a ƙarƙashin gado. Na rasa ta inda zan fara ne.”



Ya dubi sama, ya dube ta. Ya ce hasken nan fa ba ya daɗewa. Ya juyo da kyamarar wajenta.

Hannunta ya tafi ga hijabi da kansa, kamar kullum. Nan take ya janye ido daga kyamarar, kamar kullum.

Ta tsaya, hannu a rabin hanya.

Sai ta sauke shi.

Ƙyas!

Suna nan tsaye ta ji sanyi a ƙafa. Ta duba, ruwa ne yake dawowa sulu-sulu, har ya zagaye takalmin da laka ta riƙe. Da idonta ta ga kogin da yake fita ya dawo. Ashe haka kogin da ke kusa da teku yake yi. Takalmin dai a nan suka baro shi.

Na ga hoton a falonsu. Idanu a kumbure, hijabi a karkace, ƙafa ɗaya ba takalmi, haske ya kwanta mata a gefen fuska. Ta sha cewa ya cire, in ya tashi cirewa kuma ta ce ya bari.

Jakar ta kwance ta tun ranar. Yanzu in ruwa zai janye da asuba ita ke dafa shayi ta zuba a filas, su tafi tare. Amma har gobe mita take, wai kogin ya fi ta yawan hotuna.

Darasi:

’Yar uwa, wanda yake son ki bai san gaibu ba. Ke kina rufe fuska kina jira ya matsa, shi yana ganin rufewar yana girmama ta, kowa na ƙuna a ɓoye. Kunya ado ce, amma kar ta kai ki ga haɗa jaka a kan maganar da ba ki taɓa furtawa ba. Kai ma maigida, in ta rufe fuska, ka sake tambaya.

Ki tura wa wata mai kunya irina. Wa ya sani, ko tata jakar tana ƙarƙashin gado yanzu haka.