Ranar da Kaka Nomau Ya Ƙi Harbi

A gidanmu na Dogarawa, in sanyi ya shigo, bayan sallar magariba kakarmu Inna Hassi takan hura wutar karan dawa a bakin ɗakinta, mu jikokinta mu kewaye ta. Yawanci tatsuniya take yi mana tana ɓarar gujiya. Wata rana, ina da shekara tara, na zo na zauna ina kumbure-kumbure.

"Ke, mi ya same ki?" in ji ta.

Na ce 'yan lakwal, wato makarantarmu, ne suka ce ƙanenta, Kaka Nomau, matsoraci ne, wai korarsa aka yi daga soja. Shi kuwa lokacin gadi yake yi a Malbaza, tsoho ne marar yawan magana.

Inna ta ajiye ƙwaryar gujiya. "Yau babu tatsuniya. Ku matso ku ji gaskiya."

Ta ce Nomau tun yana saurayi ya ƙetare iyaka neman aiki, ƙafa ta kai shi har bakin teku, ya shiga sojan ruwa, shi da ko gulbi bai taɓa shiga ba. Ya koyi iyo, ya koyi harbi da babbar bindigar da ke gaban jirgi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a can, shekara biyu yana cikin wuta, har harsashi ya tsaga masa cinya, ya warke ya koma.

Wata safiya suna sintiri a wani rafi sai ga kwalekwale. Hafsansu ya ce makamai aka ɗauko, a harba. Nomau ya duba da kyau, ya ga mata uku ne da kwandunan kifi, ɗaya da goyo. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mata na." Hafsan ya sake ba da umarni, ya ɗora masa ƙaramar bindiga a ƙeya. Nomau ya ɗauke hannuwansa daga kan bindigar ya rungume su a ƙirji. Kafin a janye shi a sa wani, matan sun shige cikin duhuwar itatuwa.

Aka daka shi, aka kulle shi wata shida, aka tuɓe masa kaki. Ya dawo gida da riga ɗaya.

"To gobe ki tahi ki hwaɗa musu," in ji Inna, tana nuna ni da kara. "Wanda aka ɗora ma bindiga ga kai yac ce a'a, shi na matsoraci? Ubanninsu da ke wanga zance, ko ƙarar harsashi sun taɓa ji?"

Washegari na faɗa musu. Suka yi dariya, ban fasa ba.

Shekaru sun shuɗe, na zama ungozoma a wani asibitin ƙauye kusa da Illela. Wata rana wani babban mutum ya aiko in bar wata Bafulatana da ke kan gwiwa tana zubar jini, in je gidansa in duba matarsa mai ciwon kai. Da tsorona da komai na ce ba zan je ba. A ranar na gane cewa shi ma Kaka Nomau tsoron ya ji, ya dai ƙi ne kawai. Ba a yi wata guda ba aka mayar da ni aiki can cikin daji. Bafulatanar ta haifi mace, kuma dukansu sun rayu.