Ƙwaryar da Iya Take Kai wa Gyartai

A gidanmu na Jakara, in an idar da sallar isha'i, kakarmu Iya ba ta barin wutar murhu ta mutu a banza. Alkakin sayarwa take soyawa, sana'ar da ta gada wurin uwarta, wadda aka ce iyayenta fatake ne daga Tarabulus. Ni da Yaya Sani sai mu tsuguna gefen kasko muna jiran gutsattsari da tatsuniya. Ni take kira angonta, shi kuwa wai mijin da ta yi wa yaji saboda rowa.

Akwai tatsuniya ɗaya da ta hana ni sakat har na girma. Sai ta ƙwanƙwasa matsami a bakin kasko ta ce, "Ga wata ta faɗo, wa zai tsinta?" Mu ce, "Mu ne!"

Wai wata mata ce da ƙwaryar da ta gada, akuya ta ture ta, ta tsage tun daga baki har gindi. Ta ɗauka ta kai wa gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Iyakar nan kullum ɗaya ne. Ƙarshen ne ba ya zama wuri guda.

Wani daren gyartai ya ɗinke, matar ta zuba nono ya tsiyaye. Ta koma da faɗa, ya ce mata, "Baiwar Allah, ɗinkakkiyar ƙwarya ba ta riƙe ruwa, amma tana riƙe tsaba." Ta mai da ita ta gero, ta more ta har tsufa. Wani daren kuma matar ba ta gamsu ba, ta yi ta komawa a ƙara ɗinki, har huji ya haɗu da huji, ƙwarya ta rabe biyu. Akwai ma daren da gyartai ya juya ta ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai dai a kwashi toka da sakainar.

"Iya, to wanne ne na gaskiya? A gyara ko kada a gyara?"

"Ji angon nan da tambaya kamar alƙali! Ungo alkaki, toshe bakinka."

Na tambayi Baba, ya ce tsufa ne. Ban yarda ba. Matar da ba ta taɓa mance wanda ya saci gutsure a kwanonta ba, ita ce za ta mance ƙarshen labari? Haka na tashi da abin a raina, har Allah Ya yi mata rasuwa.

Bara Yaya Sani ya rushe ɗakin Iya ya gina shagon bulo, ko shawarata bai nema ba. Ya ce ɗakin ya tsage, damina ɗaya zai danne mutum. Na ce yaɓe kawai yake so. Muka gaya wa juna maganganu, muka daina gaisawa. Kawu ya tara mu a zaure, aka yi sulhu, muka yi musabaha. Amma abin bai koma yadda yake ba, gaisuwa muke yi kamar ta surukai. Tsorona kada mu mutu a haka, 'ya'yanmu su gaji wannan sanyin.

'Yata Ummi kalmar Turanci ɗaya take yi wa komai. Waya in ta lalace, ranar biki, har shayin safe, duk "fiksin" ɗinsu take yi, wato gyarawa. Ran nan ta ce, "Baba, ba Kawu ya yi fiksin ɗin maganarku ba?" To, an gyara ne, ko ba a gyara ba?

Sai na ƙudura zan je mu tono maganar daga tushe, a wanke ta tas. Bayan sallar Juma'a na same shi a bakin shagon, da farantin alkaki a gabansa. Na rasa ta inda zan fara, sai na ji bakina yana tambayarsa ko yana tuna ƙwaryar Iya mai sauya ƙarshe.

Ya yi dariya. "Kai har yau ba ka gane ba? Ranar da muka yi dambe aka raba mu, ta tsaba take ba mu. Ranar da ka ƙi barin magana ta mutu, kana ta kai ƙarata, sai ƙwarya ta rabe." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ta sakaina kuwa sau ɗaya ta yi ta. Bayan rasuwar Innarmu ne, da ka dame ta da tambayar yaushe za ta dawo."

Ashe mu Iya take dubawa kafin ta ƙarasa.

"To da tana nan yau, Yaya, wacce za ta ba mu?"

Ya turo min farantin. "Ya danganta da abin da ka zo faɗa."

Maganar da na ƙunso tana nan a bakina. Na ɗauki alkaki na toshe shi, sannan na ce lafiyar yara na zo tambaya.

Har yanzu ban san ko sunan wannan gyara ba. Ɗinkin yana nan, kowa na ganinsa. Na dai daina zuba wa ƙwaryar tamu ruwa.